Ɗakin Ne Ke Cinye Maka Sauti: Yadda Ake Girke Sifika Da Gyara Falo

Wani abokina ya canja sifika sau uku cikin shekara biyu. Duk wadda ya ji a shago sai ta burge shi, ya biya ya kawo gida, bayan kwana biyu ya fara ƙorafi: bes, wato sauti mai kauri, yana gunji kamar an kifa masa tulu a ka, muryar mawaƙi ba ta fita, in ya ƙara ƙara kuma kunne ya yi zafi. Ranar da ya ce mini zai sayi ta huɗu, na roƙe shi ya dakata in zo. Abin da na riƙo shi ne tef ɗin awo na kafinta, da salatif, da zare, da ƙaramin madubi. Falonsa irin wanda yawancinmu ke ginawa yanzu ne: bulo da filasta, tayil a ƙasa, silin na POP, manyan tagogin gilashi. Sifika ɗaya tana cikin lungu, ɗayar a cikin dibaida kusa da ƙofa, kujerar da yake zama kuma a manne da bango. Awa biyu muka yi muna jan kaya, ba mu kashe ko sisi ba. Har yau sifikar nan ta uku ce a falon.

A inda kake zaune, mita uku daga sifika, abin da ya taho kai tsaye zuwa kunnenka ɗan kaɗan ne. Mafi yawa sai ya bugi bango, ko tayil, ko silin, ko gilashi, sannan ya iso. Ke nan ɗakin kake ji fiye da sifikar. Shi ya sa nake ba kowa shawarar ya bi wannan jerin: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato wurin zama da wurin sifika, sannan shimfiɗa da labule, sannan abin da kafinta zai haɗa, na'ura kuma ta zo ƙarshe.

Lissafi ɗaya kawai za ka riƙe. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya, a zafin bazara yakan kai 350. Kaurin sauti ko sirantakarsa ana auna su da yawan kaɗawar iska a sakan, ana rubutawa Hz. Bes mai 50 Hz tsawon kaɗawarsa ɗaya ya kusa mita 7, ya fi falon kansa tsawo. Sauti mai 1,000 Hz santimita 34 ne, mai 10,000 Hz kuwa bai kai santimita 4 ba. Wannan bambancin shi ya sa maganin bes daban, maganin siririn sauti daban.

Kafin ka ja komai

Zaɓi abin saurare guda uku da ka sani kamar yunwar cikinka. Ɗaya murya zalla, kamar karatun Alƙur'ani ko labaran rediyo. Ɗaya mai ganga ko bes da ke hawa yana sauka. Ɗaya mai kayan kiɗa da yawa, a ce kalangu da goge da sarewa da 'yan amshi. Da su za ka yi ta gwaji har a gama, kada ka canja. Mayar da maɓallan bes da tirebul, wato na siririn sauti, tsakiya, ka kashe duk wani abin ƙara armashi da amfilifayar ke da shi. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki na ɗan lokaci.

Sai ka leƙa bayan kayan ka duba waya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka sifikun biyu. Na sha tarar da guda ɗaya a juye, kuma mai gidan ya yi shekaru a haka. In aka juya ɗaya, lokacin da waccan ke tura iska ita wannan ja take yi, bes ya kashe juna, murya ta rasa wurin tsayawa. In wayar ba ta da launi, cire ta daga amfilifaya ka ɗan taɓa bakinta biyu a batirin tocila mai bolt 1.5. Idan fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan ƙarshen batiri mai alamar ƙari ita ce ja. Game da wayar kanta, ta tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa mita biyar, in ta fi haka tsawo ka sa mai 2.5. Kada wani ya sa ka zuba dukiya a waya.

Yanzu tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani zirrr mai kama da karkarwar kwano ya biyo baya, sauti ne ke kai-komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna da babu komai a kansu. Sannan kunna mai bes ɗin nan, ka zaga ɗakin a hankali: jikin bango, lungu, tsakiya. Za ka ji a lungu bes ya cika har ya gundure ka, a wani wurin kuma kamar an ɗauke shi. Sifika ɗaya ce, ƙara ɗaya, ɗakin ne ke raba shi haka.

Mataki na farko: inda za ka zauna

Nan ne aka fi yin asara, nan ne kuma aka fi samun riba a banza, don haka zan ɗan daɗe.

Kowane ɗaki yana da sautukan bes da yake so, kamar yadda tulu ke da muryarsa in ka hura bakinsa. Tsakanin kowane bango biyu akwai sautin da tsawonsa ya dace da tazarar, sai ya tsaya yana ninka kansa. Gano shi da sauƙi: raba 343 da ninki biyu na tazarar. Ɗauki falo mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Tsawon zai ba ka 34 Hz, faɗin 43, tsayin 57, kowannensu kuma yana da ninkinsa: 69, 86, 114, haka har sama. Waɗannan sautukan a jikin bango suke da ƙarfi. Na farkon kuwa a daidai tsakiyar ɗaki yake mutuwa. To wanda ya manna kujera da bangon baya ya zauna inda dukkan gunjin tsawon ɗakin ya taru, wanda ya zauna a tsakiya cif ya zauna a rami.

Mai ɗakin nan da magina ke kira sha biyu sha biyu shi ya fi shan wahala. Ƙafa 12 mita 3.66 ne, don haka tsawo da faɗi duka suna ba da 47 Hz, gunji biyu a kan sauti ɗaya. In kana da zaɓi tsakanin ɗaki mai murabba'i da wanda ya fi tsawo ta gefe ɗaya, ɗauki mai tsawon ko da ya fi ƙanƙanta. Mai gini kuma da bai kai ga raba ɗakuna ba, tun ran gini tun ran zane: kada tsawo da faɗi da tsayi su zama ɗaya, kada kuma ɗaya ya zama ninkin ɗaya, kamar 6 da 3.

Jera sifikun a gajeren bango, su harba sauti ta tsawon ɗakin. Wurin da masu haɗa situdiyo ke fara gwadawa shi ne kashi 38 cikin 100 na tsawon, daga bangon gaba ko daga na baya. A falon mita 5, kanka zai kasance mita 1.9 daga ɗaya daga cikinsu. Wannan mafari ne kawai. Ɗauki kujerar roba ka zauna a wurin, kunna mai bes, ka matsa gaba taki ɗaya, ka koma baya taki ɗaya. Abin da kake nema shi ne wurin da duk bugun bes ke fitowa da ƙarfi kusan ɗaya, ba wanda ya yi tsalle, ba wanda ya ɓace. Mutane da yawa suna zaɓar inda bes ya fi yawa, bayan mako guda kansu ya fara ciwo.

Ta faɗi kuwa, zauna a tsakiya, tazararka da bangon hagu daidai da ta dama.

Na san falo ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai baƙi, akwai yara, akwai uwargida da ta tsara kujerunta yadda take so, kuma da gaskiyarta. In babbar kujera ba za ta bar bango ba, ja ta ko da santimita 30 zuwa 50, ka rataya abu mai kauri a bayan kai. Ko kuma ka ajiye kujera mara nauyi wadda za ka jawo wurin da ka yi wa alama duk lokacin da ka zauna saurare na musamman. Ni haka nake yi a gidana.

Mataki na biyu: inda sifika za ta tsaya

Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, da ke aiki a kamfanin EMI, shi ya yi rajistar dabarar sitiriyo a 1931. Sirrinta shi ne in sifika biyu suka fitar da murya ɗaya da ƙarfi ɗaya, ta iso kunne a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa sai ta ɗora muryar a tsakaninsu, a wurin da babu sifika ko kaɗan. In ɗaya ta fi kusa da kai da santimita 30 kacal, muryar za ta gudu ta koma wajenta. Don haka awo a nan ba wasa ba ne.

Kai da sifikun biyu ku zama kamar duwatsun murhu, tazarar kowane biyu daidai. In tsakanin sifikun mita 2.4 ne, daga kunnenka zuwa kowace ya zama 2.4 ɗin, ko ya ɗara kaɗan zuwa 2.8. Ɗaure zare a bayan kujera daidai inda ƙeyarka take, ka ja shi zuwa ƙaramar sifikar sama ta hagu, wadda masu gyara ke kira tuwita, ka yi ƙulli. Ja shi zuwa ta dama. Ƙullin ya sauka a wuri ɗaya. Zare ya fi tef gaskiya a wannan aikin.

Tuwita ta daidaita da tsayin kunnenka a zaune, domin siririn sauti a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. A kan kujera yawanci santimita 90 zuwa 100 ne daga ƙasa. In falonka na zaman ƙasa ne, da kafet da matasai irin na Larabawa, kunnenka bai wuce 60 zuwa 70 ba, sai ka sauke sifikar ko ka ɗan sunkuyar da ita. Ƙananan sifiku suna bukatar ƙafa mai nauyi. Mai walda zai haɗa maka da bututun ƙarfe, ka cika cikinsa da busasshen yashi, ka sa ɗan roba tsakanin sifikar da farantin sama. Cikin dibaida kuwa shi ne mafi munin wuri, don katakon da gilashin duk suna taya ta kuka. In ba yadda za a yi, jawo ta har fuskarta ta zo daidai bakin katakon.

Sai tazara da bangon da ke bayanta. Bes ba ya bin fuskar sifika kawai, ko'ina yake watsuwa. Wanda ya tafi baya ya bugi bango ya dawo, a wani sauti na musamman yakan iso a juye ya kashe wanda ya tafi gaba. Roy Allison, wani mai ƙera sifika a Amurka, ya yi bayanin wannan tun 1974. Lissafinsa: raba 343 da ninki huɗu na tazarar fuskar sifika da bango. Mita 1 zai huda maka rami a 86 Hz, daidai inda ƙarfin ganga yake. Santimita 50 zai mayar da ramin 172 Hz. Yayin da kake matsawa kusa da bango ramin yana hawa sama, inda sifika ba ta cika jefa sauti baya ba kuma abin tsotse sauti yana iya kama shi, amma bes gaba ɗaya yana ƙaruwa. A falo irin namu nakan fara da fuskar sifika santimita 50 zuwa 60 daga bango, sai in riƙa matsawa santimita 5 ina saurare. In tana da hudar iska a baya, bar mata aƙalla faɗin tafin hannu. Kuma kada tazararta da bangon gefe ta zo ɗaya da ta bangon da ke bayanta, don rami biyu za su haɗu a wuri ɗaya. A falonmu na misali: kowace sifika santimita 55 daga bangon bayanta, 80 daga bangon gefe, tsakaninsu mita 2.4, kai kuma kana mita 1.9 daga bangon bayanka.

Na ƙarshe, karkata. Juyo kowace ta kalli kunnenka, kunna murya zalla, rufe ido. Ya kamata ka ji mai karatun a tsaye a gabanka, ƙunƙuntacce, har ka iya nuna bakinsa da yatsa. In sautin ya yi kaifi ko ya matse, buɗe su kaɗan kaɗan har ka fara hango gefensu na ciki. In murya ta fara bajewa, ka wuce, dawo. Duk inda ka tsaya, liƙa salatif a ƙasa.

Mataki na uku: madubi

Bayan sautin da ya zo kai tsaye, na biyu da ke isowa shi ne wanda ya bugi wuri ɗaya tak: bangon gefe, ƙasa, silin, ko teburin tsakiya. Kowace mita ɗaya da ya ƙara a hanya tana jinkirta shi kashi uku cikin dubu na sakan. Helmut Haas, wani Bajamushe, ya nuna a bincikensa na 1949 cewa jinkiri ƙanƙani haka kunne ba ya jin sa a matsayin amsa-kuwwa, haɗe shi yake da na farko. Haɗewar ce ke canja launin murya, ta kuma dagula inda kowane kayan kiɗa yake tsaye.

Zauna a kujerarka. Sa wani ya ɗora madubi a jikin bangon hagu daidai tsayin kunnenka, ya riƙa jan sa a hankali. Duk inda ka hango tuwita a cikin madubin, ya liƙa salatif. Za ka samu wuri biyu a kowane bango, ɗaya na kowace sifika. Ku yi haka a dama, ku yi a ƙasa. Teburin gilashin da ke tsakiyar falo kusan kullum yana faɗawa cikin wannan tarkon. Kawar da shi gefe ka ji bambanci nan take, ko ka rufe shi da mayafi mai kauri.

A nan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana gwajin sifika da kunnuwan mutane a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada, ya gano cewa masu saurare da yawa suna jin daɗin abin da ke dawowa daga bangon gefe, don yana faɗaɗa sauti. Saboda haka kafin ka buga ƙusa, jingina katifa ko ka rataya bargo mai ninki a wurin alamar ka saurara, sannan ka cire ka sake saurara. Ra'ayina, a ɗakin siminti da tayil wanda sifika ba ta kai mita ɗaya daga bangon gefe ba, rufewa ta fi. Abin da ba na yarda da shi shi ne gefe ɗaya bango tsirara, ɗayan labule ko ƙofa a buɗe. Nan dole a rufe mai bangon don su yi kama.

Mataki na huɗu: a tausasa ɗakin

A 1895 jami'ar Harvard ta ba wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa saboda kuwwa. Da dare yakan ɗebo matasan kujeru daga wani zauren da ke kusa, ya jera su, ya busa bututun wani kayan kiɗa mai suna ogan, ya auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya mutu. Daga nan ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yau: ninka girman cikin ɗaki da 0.161, ka raba da yawan abin da ke tsotse sauti, zai ba ka sakan nawa kuwwa ke yi.

Falonmu na misali mita 60 ne a cube, wato 5 sau 4 sau 3. In babu komai a ciki sai filasta da tayil, kuwwarsa tana haura sakan 2. Ɗakin saurare mai daɗi yana tsakanin 0.3 da 0.5. Don a sauko 0.4, lissafin ya ce ana bukatar abin da ya kai murabba'in mita 24 na cikakken tsotsewa. Yawa ne, amma kada ya tsorata ka, don kayan gida ne ke ɗaukar mafi yawansa. Kujerun yadi masu kauri sun fi na leda ko fata aiki nesa ba kusa ba. Kafet mai gashi tsakaninka da sifikun, da wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa, ya fi darduma siririya. Labule ya zama mai nauyi, faɗin yadinsa ninki biyu na tagar don ya yi tattara, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gilashi. Gwado ko saƙi mai kauri a jikin bango ado ne kuma magani. Kantar littattafai a bangon baya, manya da ƙanana a cakuɗe, tana wargaza sautin maimakon ta dawo da shi dunƙule.

Bayan kowane abu ɗaya, sake tafa hannu. In zirrr ɗin nan ya tafi, hira a falon ta yi sauƙi, ka kusa.

Mataki na biyar: abin da kafinta zai haɗa, da abin da za ka guje wa

Kiret ɗin ƙwai ba ya aiki. Na san ana ganinsa a ƙananan situdiyo, amma kwali ne siriri, kamanninsa kawai ya yi da abin. Soso siriri kuma rabin aiki yake yi, rabin da ya fi ɓarna. Ga dalili: abu mai laushi yana cin sauti ne ta hanyar tare iskar da ke kaɗawa a cikinsa, a jikin bango kuwa iska ba ta motsi, sai an matso rubu'in tsawon kaɗawar sannan motsin ke kai ƙarshe. Soso mai santimita 5 yana aiki sosai ne daga wajen 1,700 Hz zuwa sama. Mai santimita 10 ya sauko wajen 860. In ka bar masa wata tazarar santimita 10 a baya, ya sauko wajen 430, yana kuma taɓa abin da ke ƙasa da haka. Wanda ya lulluɓe ɗaki da siririn soso ya kashe zaƙin sama, ya bar gunjin yadda yake, ɗakin ya koma kamar cikin akwati.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Soson katifa yana kama wuta kamar fetur, hayaƙinsa guba ne. A watan Fabrairun 2003 wuta ta tashi a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, soson da aka liƙa a bango don rage ƙara shi ya ɗauke ta, mutum 100 suka rasu. Ɗakin da iyalinka ke kwana kusa da shi, da soket da wayoyi a bango, kada ka liƙa masa wannan abu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da ya dace shi ne ulun dutse, wanda 'yan kasuwa ke kira rokwul, ko ulun gilashi. Ana samunsu wajen masu kayan sanyaya manyan gine-gine da masu rufe ɗakin janareta. Rokwul ba ya cin wuta. Nemi mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kowace mita cube, yawanci yana zuwa a yanke santimita 120 da 60. Kafinta ya yi firam na katako mai zurfin santimita 10, a zura ulun, a rufe gaba da baya da yadi. Gwajin yadin shi ne ka kara shi a baki ka hura. In iska ta wuce da sauƙi ya yi, in ta tsaya, kamar shadda mai sitaci ko leda, bai yi ba. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, a yi a tsakar gida, don ulun yana ƙaiƙayi kuma ba a so a shaƙe shi.

Guda shida sun isa farawa: ɗaya ko biyu a kowane bangon gefe inda madubi ya nuna, biyu a bayan kai in kujerar tana kusa da bango. A rataye su da ɗan katako a baya don su bar bango da santimita 5 zuwa 10. Na silin yana da amfani, amma POP ba ya ɗaukar nauyi, sai an kama katako ko ƙarfen da ke samansa, a kuma lura da fanka.

Bes kuwa a lungu yake taruwa, can za ka tare shi. Gicciya irin wannan firam ɗin a kusurwa, mai kaurin santimita 15 zuwa 20, daga ƙasa har sama in da hali, a bar bayansa fanko. Fara da lungu biyu na bayan sifikun. Ba zai share gunjin 47 Hz gaba ɗaya ba, amma bugun ganga zai daina jan jela.

Duk wannan gyaran cikin ɗaki ne, ba ya hana maƙwabci jin ƙararka. Wancan aikin nauyin bango ne da toshe kafofin ƙofa da taga.

In kana da ufa

Ƙasa da 80 Hz kunne ba ya gane daga ina sauti ke fitowa, don haka ufa, akwatin da ke fitar da bes zalla, tana da 'yancin zama inda ya fi dacewa da ɗakin. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna mai bes, ka rarrafa a gefen bangon kana saurare. Inda ka ji bes ya fi daidaita, can za ka ajiye ta. Sa maɓallin da ke raba aiki tsakaninta da sifikun a 80 Hz, ka gwada maɓallin da aka rubuta wa 0 da 180 ka bar shi inda bes ya fi cika a kujerarka, sannan ka rage ƙararta har ka daina jin ta a matsayin akwati daban.

Wuta, awo da kunne

In kana jin wani ƙugi mara yankewa ko da ba a kunna komai ba, 50 Hz ɗin wutar lantarkinmu ne ya samu hanya. Zare wayoyin da ke shiga amfilifaya ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya. Sau da yawa wayar dish da ta bi ta dikoda ce. Haɗa duk kayan sautin a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da ta wuta, kada kuma ka yanke ƙafar filogi ta uku don neman shiru. Sa sitabilaiza mai kyau. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa, in an ɗauke wuta kuma kashe ta kafin a dawo da ita ko a tada janareta.

Mai son ya ga abin da kunnensa ke ji, akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna REW, ana haɗa ta da makirufon awo irin UMIK-1. Za ta zana maka tudu da kwarin ɗakinka, za ka ga lambobin da ka lissafa da tef sun fito kusan daidai. In amfilifayarka ko kwamfutarka tana da ikwalaiza, abin da ke rage ko ƙara ƙarfin kowane sauti daban, yi amfani da ita ƙasa da 300 Hz kawai, kuma rage tudu za ka yi. Kwari ba ya cikuwa da ƙarin ƙarfi, don sautin kashe kansa yake a wurin, duk abin da ka ƙara zafi zai zama a cikin sifika. Maganin kwari matsar da kujera ko sifika ne.

Za ka lura bayan gyaran ba ka bukatar ƙarar da ka saba, don kana jin kowace kalma tun a ƙasa. Riƙe hakan. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu. Manhajar auna ƙara ta waya ta isa ta nuna maka inda kake.

Zauna da sabon tsarin mako guda kafin ka sake taɓa wani abu, in za ka taɓa kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Da ka gamsu, cire salatif ɗin ka ɗiga ɗan fenti ko jan farce a kan tayil daidai kusurwoyin kowace sifika da ƙafar kujera, ka nuna wa mai shara da yaran gida. Rubuta duk awon a takarda, tazarar sifika da bangon bayanta, da na gefe, da tsawon zaren nan, ka liƙa ta a bayan amfilifaya.